Yadda Ake Barin Kyanwa a Gida Idan Tafiya Ta Kama

Mutane da yawa sun ɗauka kyanwa ba ta da wahalar bari: a cika mata kwano, a ajiye ruwa, a ja ƙofa, sai an dawo. Da gaskiyarsu ta wani fannin. Kyanwa takan yi barcin awa 12 zuwa 16 a yini, kuma hankalinta ya fi kwanciya a gidan da ta san kowane lungunsa, shi ya sa barinta a gida ya fi yawo da ita a mota ko kai ta baƙon wuri. Sai dai tana da wani hali da ke yaudarar mai ita, wato ɓoye ciwo. In jikinta ya ƙi daɗi ba ta yawan kuka, sai ta shige ƙarƙashin gado ta yi tsit. Cututtukan da suka fi saurin kashe ta kuwa, cikin kwana ɗaya zuwa uku suke gama aikinsu. Don haka duk shirin da zan zayyana a nan yana kewaye da abu guda ne: a samu mutumin da zai riƙa ganin kyanwar da idonsa kullum. Sauran duk masu sauƙi ne.

Da farko, auna tafiyar, ka auna kyanwar

Babbar kyanwa mai ƙoshin lafiya za ta iya kwana ɗaya ita kaɗai ba tare da matsala ba, muddin an bar mata abinci da ruwa da yashi mai tsabta. Kwana biyu shi ne maƙura, ni kam ba na son kaiwa nan. Daga nan zuwa sama sai da mai leƙowa kowace rana. In tafiyar za ta haura mako biyu, leƙo na minti goma ba ya wadatarwa, gara a samu wanda zai riƙa ɗan zama da ita ko ya kwana a gidan.

Akwai waɗanda wannan lissafin bai shafe su ba. 'Yar kyanwar da ba ta kai wata 4 ba, kada a bar ta fiye da awa 4, kuma har ta kai wata 6 tana buƙatar ci sau uku ko huɗu a rana. Haka nan tsohuwa, da mai ciwon ƙoda, da mai ciwon suga da ake yi wa allurar insulin safe da yamma, da wadda aka yi wa tiyata kwanan nan, da muzurun da fitsari ya taɓa toshe masa. Mai ciki ma tana cikinsu: cikin kyanwa kwana 63 zuwa 65 ne, ka lissafa ka ga ko haihuwar za ta faɗo lokacin da ba ka nan. Irin waɗannan ko ta kwana ɗaya ce tafiyar, a samu mai kula.

Kayan da za ka tanada

- Abincin da ta saba ci, na iya kwanakin tafiyar da ƙarin na kwana uku, don tafiya takan ja.
- Kwanukan ruwa masu nauyi da faɗin baki, aƙalla uku.
- Akwatin yashi, ɗaya ga kowace kyanwa sannan a ƙara ɗaya. Kyanwa ɗaya akwati biyu, kyanwa biyu akwati uku.
- Yashin canji, 'yar shebur ta kwasa, ledar zuba shara, safar hannu.
- Kejin ɗaukar kyanwa, a ajiye shi a fili.
- Magungunanta in tana sha, da katin rigakafinta.
- Mabuɗi biyu na ƙari.
- Abin tokare ƙofa.
- Kwali ɗaya ko biyu, tsohon bargo, da rigar da ka sa ba a wanke ba.
- Abin da take karta da faratanta, da kayan wasa marasa zare.
- Takarda da biro da salatif.

Na'urar zuba abinci mai agogo, da 'yar maɓuɓɓugar ruwa mai aiki da lantarki, da kamarar da ake kallo ta waya, duk suna da amfani in akwai hali, amma babu wadda ta zama dole.

Mataki na 1: Nemi mai dubawa tun saura mako biyu

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wannan matakin shi ya fi cin lokaci, kuma shi aka fi bari sai daren tafiya, a kira duk wanda ya faɗo a rai, shi kuma ya amsa don kunya. Wanda ya amsa don kunya zai zo ranar farko, ya zo ta biyu, a ta uku ya ce ai abincin jiya ma bai ƙare ba.

Ka nemi wanda yake kusa, domin nisa ke sa mutum ya tsallake rana. Ya kasance ba ya tsoron kyanwa, gashinta ba ya sa shi atishawa ko shaƙewar numfashi, kuma ba ya ƙyamar kwashe kashi. Wannan na ƙarshen ka tambaye shi kai tsaye, kada ka yi kara, don shi ne rabin aikin. Yaro zai iya taimakawa, amma nauyin ya kasance a wuyan babba. Mace mai juna biyu kuwa kada a ba ta kwasar yashi, saboda akwai ƙwayar cutar da ake iya ɗauka daga kashin kyanwa mai illa ga abin da ke cikinta. In babu kowa sai ita, ta sa safar hannu, ta kwashe kullum, ta wanke hannu da sabulu.

Ka gayyato shi gida sau ɗaya ko biyu kana nan. Ya zauna ƙasa, kada ya bi kyanwar, ya bari ita ta zo ta shinshina yatsansa. Ranar shi zai zuba mata abinci. Ka zagaya da shi ka nuna masa duk maɓoyarta: bayan kujera, saman durowa, ƙarƙashin gado, cikin kwalin da ke lungu. Sannan ya gwada mabuɗin a gabanka, don sabon yankan mabuɗi yakan ƙi buɗewa. Mabuɗi na biyun ka ba wani mutum daban, ko da na farkon zai yi rashin lafiya ko ya yar da nasa, kuma kowannensu ya san lambar ɗan'uwansa.

Ziyara ɗaya ta minti ashirin zuwa talatin a rana ta isa ga babbar kyanwa mai lafiya, biyu sun fi. Ƙa'idar da nake kafawa ita ce: in bai ga kyanwar da idonsa ba, ziyarar ba ta cika ba. Ganin abinci ya ragu a kwano ba shaida ba ne, balle in kyanwoyin biyu ne, ɗaya za ta iya cinye rabon duka biyun alhali ɗayar tana kwance a lungu ba lafiya. Mai jin kunyar baƙi ba sai an jawo ta ba. Ya haska ta da fitilar waya, ya ga idonta a buɗe, numfashinta daidai, ya bar ta.

In biyansa za ka yi, ku yanke magana tun yanzu. In alfarma ce zai yi maka, ka sauƙaƙa masa aikin iyakar iyawa.

Mataki na 2: Lafiyarta

In akwai wani abin da kake shakka, kamar rage cin abinci, yawan shan ruwa, rama ko amai, ka kai ta wurin likitan dabbobi mako guda kafin tafiyar. Kada a yi mata rigakafi ko a fara sabon magani ana gobe za ka tashi, don in jikinta zai nuna wani abu, gara ya nuna kana nan. Maganin ƙuma da na tsutsar ciki ma a ba ta da wuri.

Ka sanar da asibitin dabbobin cewa za ka yi tafiya, ga sunan wanda zai iya kawo ta, kuma ka yarda a duba ta ba sai an jira ka ba. Ka bar kuɗi a ambulan don wannan. Sau da yawa abin da ke jinkirta kai dabba asibiti shi ne mai dubawa yana tsaye yana tunanin wa zai biya.

In tana shan magani, mai dubawar ya ba ta da hannunsa a gabanka aƙalla sau ɗaya. Kallon ana ɗura wa kyanwa ƙwaya daban, yi da kanka daban.

Mataki na 3: Abinci

Kada ka canza mata abinci a wannan lokacin. Canjin abincin kyanwa a hankali ake yin sa, cikin kwana 7 zuwa 10, ana garwaya sabo da tsoho. In aka yi shi farat ɗaya, ko dai ta yi zawo ko ta ƙi ci, kuma duka biyun ba abin da kake so ya faru a bayanka ba ne.

Auna rabon kowace rana ka ƙulla a 'yar leda ko ka zuba a ƙaramin gwangwani, ka rubuta ranar a jiki. Kyanwa mai kilo 4 takan ci kusan giram 50 zuwa 70 na busasshen abinci a yini, amma ka bi abin da aka rubuta a jikin buhun da abin da ka san tana ci. Amfanin ƙullin biyu ne: mai dubawa ba zai cika ta da abinci don tausayi ba, kuma zai san takamaimai nawa ta ci, nawa ta bari. Ka ajiye ƙullukan a durowa mai rufuwa, in ba haka ba za ta farke su a daren farko.

Abincin gwangwani, ko dafaffen nama ko kifi, ba ya jure zama. Bayan kamar awa 4 a buɗe ya fara lalacewa, a lokacin zafi kuwa bai ma kai haka. Mai dubawa ya zuba ɗan kaɗan da isowarsa, ya kwashe ragowar kafin ya fita, ya wanke kwanon, ya bar busasshe kawai. Ka gaya masa ƙarara kada ya kawo mata komai daga nasa gidan. Madara tana sa yawancin manyan kyanwoyi zawo, albasa da tafarnuwa suna lalata musu jini, dafaffen ƙashi kuma yana tsagewa ya soke su a ciki. In kiyashi ko tururuwa na damun wurin, ka ɗora kwanon abincin a cikin faranti mai ɗan ruwa.

Ga dalilin da ya sa nake nacewa a kan sanin ko ta ci. Kyanwar da ta yi kwana biyu zuwa uku ba ta ci ba, musamman mai ƙiba, jikinta yakan kwaso kitse ya tara a hanta har hantar ta kasa aiki, kuma wannan ciwon yana kisa. Ƙin cin rabin yini don kewar mai gida ba komai ba ne. Amma in ta cika awa 24 ba ta taɓa komai ba, a kira likita, kada a ce bari a gani zuwa jibi.

Mai na'urar zuba abinci ya fara amfani da ita mako guda kafin tafiya, ya ga tana buɗewa a kan lokaci, kyanwar ba ta tsoron ƙararta, kuma ba ta gano yadda ake ɓalle murfin ba. A sa mata sabon batir ko da tana jone da wuta. In tafiyar ta kwana ɗaya ce kuma babu na'ura, ka raba busasshen abincin gida uku ka ajiye a wurare daban-daban, ya fi tula shi a kwano ɗaya.

Mataki na 4: Ruwa

Kyanwa tana buƙatar kusan mililita 50 na ruwa ga kowane kilo na nauyinta a yini, wato mai kilo 4 kusan kofi ɗaya. Wadda ke cin busasshen abinci ta fi buƙata, don ruwan da ke cikinsa bai wuce kashi 10 cikin ɗari ba, na gwangwani kuwa ya kai kashi 75 zuwa 80.

Kwano ɗaya kuskure ne komai girmansa, tsalle ɗaya zai kifar da shi. Ka ajiye uku a ɗakuna daban-daban, nesa da akwatin yashi, ɗaya aƙalla nesa da abinci ma, don da yawansu sun fi son shan ruwa a wani wuri daban. Na tangaran ko na ƙarfe ya fi na roba. Maɓuɓɓuga mai lantarki ƙari ce kawai, in wuta ta ɗauke ta tsaya. Kada ka bar famfo yana ɗiga wai don ta sha, in magudanar ta toshe ka dawo ka tarar da tafki a gida. Cikakken bokiti kuma haɗari ne ga 'yar kyanwa.

Mataki na 5: Akwatin yashi

Ana gobe za ka tafi, ka juye tsohon yashin, ka wanke akwatin da ruwan zafi da sabulu mara ƙamshi, ya bushe, ka zuba sabo mai kaurin santimita 5 zuwa 7. Ka guji maganin kashe ƙwayoyin cuta irin wanda ke mayar da ruwa fari kamar madara, guba ne ga kyanwa, tana taka shi ta lashe a ƙafa. Akwatin ya kai tsawon jikinta da rabi, a ajiye shi wuri mai shiru, kuma kada a jera akwatunan a gefen juna, in an jera su ita a wurinta ɗaya ne.

Irin yashin da ta saba shi za ka zuba. In ya yanke kuma ba a samu ba, busasshen yashi mai tsabta da aka tankaɗe zai yi, ko dusar katakon da ba a yi wa fenti ko magani ba, ko yayyagaggiyar takarda. Waɗannan ba sa riƙe wari, sai an riƙa juye su gaba ɗaya kusan kullum. In babu akwati na biyu, faffaɗan baho mara zurfi ya isa.

Nan ne mai dubawa zai fi samun labarin lafiyarta. Lafiyayyar kyanwa takan yi fitsari sau biyu zuwa huɗu a yini, kashi kuma kamar sau ɗaya. Ka koya masa ya riƙa duba abin da yake kwasa. In naka muzuru ne, ka zaunar da shi ka yi masa wannan bayanin da kyau: hanyar fitsarin muzuru siririya ce, tana iya toshewa, kuma damuwa irin ta rashin mai gida tana cikin abubuwan da ke tayar da ciwon mafitsara. Alamominsa su ne yawan shiga akwati yana yunƙuri ba abin da ke fita sai ɗigo, ko kuka a ciki, ko yawan lasar gabansa, ko jini a fitsari. Wanda bai sani ba sai ya ce kashi ne ya ƙi fita, ya jira gobe. Toshewar fitsari tana iya kashe muzuru cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Ko tsakar dare ne, asibiti za a nufa.

Mataki na 6: Zagaya gidan da idon kyanwa

Kyanwar da ta gaji da zaman kaɗaici takan taɓa abin da ba ta taɓa kulawa da shi ba kana nan. Ka bi ɗaki-ɗaki, har da durƙusawa ka leƙa ƙasa.

Zare shi ne na farko. Zaren ɗinki, musamman mai allura, ulu, kirtani, robar ɗaure gashi, igiyar abin wasa, duk a kulle su. Harshen kyanwa yana da ƙayoyi masu kallon baya, in ta fara haɗiye zare ba ta iya tofar da shi, shi kuma ya je ya tattare hanji har ya yanka. Ka gaya wa mai dubawa in ya ga zare yana leƙowa ta bakinta ko ta bayanta kada ya ja, ya kai ta asibiti. Igiyar labule a naɗe ta sama. Leda mai hannu a kawar.

Magungunan mutane a rufe su a durowa. Ƙwayar farasitamol ɗaya tak tana iya kashe kyanwa, kuma wannan gargaɗin ya shiga kunnen mai dubawa, don mai kyakkyawar niyya zai iya ganin ta yi laushi ya ce bari ya ɓantara mata rabi. Haka maganin ƙuma na karnuka, da yawansa yana sa kyanwa farfaɗiya. Maganin ɓera, tarko mai danƙo, maganin ƙwari na fesawa ko na kunnawa, ruwan sanyaya injin mota, duk a fitar da su daga inda take kaiwa. A cikin furanni, lili ya fi kowanne muni: ganyensa, garin furensa, har ruwan tulun da aka sa shi, duk suna kashe ƙodar kyanwa. Shukar da ba ka tabbatar da ita ba, ka fitar da ita ko ka kulle ta a wani ɗaki.

Sai ƙofofi. Duk ƙofar da ke tsakaninta da ruwa ko abinci ko yashi a tokare ta da abu mai nauyi, iska ko wasanta zai iya rufe ta a ɗaki babu komai. Ɗakin da ba ka so ta shiga kuma ka rufe shi ruf, bayan ka tabbatar ba ta ciki. Injin wanki a rufe, murfin masai a sauke, kwandon shara a fitar. Tagar da za a bari a buɗe sai mai raga mai ƙarfi, ka tura ta da hannu ka ji. Irin tagar nan da ke buɗewa a karkace ta sama kuwa a rufe ta gaba ɗaya, kyanwa takan maƙale a tsakaninta. A cire wayoyin wutar da ba a buƙata, a kashe gas daga tukunyarsa, abin fashewa a sauke shi daga kan kanta.

Mataki na 7: Zafi, sanyi da kwanciyar hankali

Zafin jikin kyanwa digiri 38 zuwa 39 ne, kuma ba ta gumi sai kaɗan ta tafin ƙafa, don haka rufaffen ɗaki mai gilashi da rana ke duka zai iya galabaitar da ita. Ka saki labule a ɓangaren da rana ke bugawa, ka bar mata hanya zuwa wuri mai tayil ko siminti, iska kuma ta riƙa ratsawa. Kada shirinka ya dogara kacokan a kan fanka ko na'urar sanyaya ɗaki. Kyanwar da ke haki baki buɗe tana cikin haɗari, ba kamar kare ba ne da haki ɗabi'arsa ce. In lokacin sanyi ne, kwali da bargo a ɗan ɗaga su daga ƙasa sun wadatar, kada a bar na'urar ɗumama ɗaki a kunne babu kowa.

Rigar nan da ba a wanke ba ka shimfiɗa ta inda take kwanciya. Kada ka yi babbar shara ko ka sauya wa kujeru wuri ko ka wanke shimfiɗarta ana gobe tafiya, ƙamshin da ta saba da shi ne ke kwantar mata da hankali. Akwai wani turaren kwantar da hankalin kyanwa da ake jonawa a soket, irin su Feliway. Wasu yana yi musu aiki, wasu ko a jikinsu. In za ka gwada, ka jona shi kwanaki kafin ka tafi.

Wadda ta saba fita waje, ra'ayina a tsare ta a ciki in tafiyar gajeriya ce, a fara saba mata tun saura kwanaki. In ba za ta tsaru ba, a riƙa ba ta abinci a lokaci ɗaya kullum don ta riƙa bayyana a gan ta, a tanadar mata mafaka daga ruwa da rana, a sa mata abin wuya mai lambar waya, irin mai ɓallewa da kansa in ya maƙale. Wadda ba a yi wa tiyatar hana haihuwa ba, ko muzurun da ba a fiɗiye ba, su suka fi neman hanyar tserewa, a ja kunnen mai dubawa a kan ƙofa.

Mataki na 8: Takarda

Duk abin da ka faɗa da baki ka rubuta, shafi ɗaya, ka manna inda abincin yake. Ta ƙunshi sunan kowace kyanwa da kamanninta, abin da take ci da lokacin, magani da adadinsa, maɓoyarta, lambarka da ta wani wanda zai iya yanke shawara in ba a same ka ba, lamba da adireshin likita da na asibitin da ke buɗe da dare, da inda keji da kati da ambulan suke. A ƙasa ka rubuta da manyan baƙi abubuwan da ba a jira a kansu: rashin ci na awa 24, yunƙurin fitsari babu fita, haki ko wahalar numfashi, amai a kai a kai, kasa tsayuwa ko jan ƙafafun baya, dasashi ya yi fari. Ka ɗauki hoton takardar ka tura masa, tare da sabon hoton kyanwar ko da za ta ɓata.

Mataki na 9: Ranar tafiya

Ka yi wasa da ita kaɗan, ka ba ta abinci, ka cika ruwa, ka kwashe yashi. Ka duba cikin jakarka kafin ka zuge ta, da kowace durowar da ka buɗe wajen haɗa kaya. Abu na ƙarshe kafin ka murɗa mabuɗi: ka ga kowace kyanwa da idonka, ka ƙirga su. Doguwar sallama ba ta amfane ta da komai, fita kawai kamar kullum.

Mataki na 10: Kana can

Ka roƙi hoto ɗaya a rana da amsar tambaya uku: ta ci, ta yi fitsari da kashi, ka gan ta tana tafiya? Wannan ya isa, kada ka dame shi da kira. In ka ga rana ta wuce shiru, ka tuntuɓe shi, in ba a same shi ba ka tura mai mabuɗi na biyu. Kamara tana rage fargaba, amma ba ta buɗe ƙofa, kuma ba ta ganin ƙarƙashin gado. In dawowarka ta ja, ka sanar da wuri, kuma ku yi alkawari zai ci gaba da zuwa har sai ka ce masa ka iso.

In ba a samu mai zuwa gida ba

Zaɓi na gaba shi ne gidan ajiyar kyanwoyi, in akwai shi inda kake, wasu asibitocin dabbobi ma suna karɓa. Ka je ka gani da idonka tukuna: babu wari, kowace kyanwa da ɗakinta, ba sa haɗa hanci da na wasu, ba a jin haushin karnuka a kusa. Wurin kirki zai nemi katin rigakafi, wanda bai nema ba ka bar shi. Ka kai ta da abincinta da bargonta. Ga mai shan magani a kan lokaci, wannan yakan fi zaman gida.

Ko kuma a kai ta gidan wani. A nan sai a ware mata ɗaki ɗaya mai rufuwa, da kayanta duka, kada a haɗa ta da dabbobin gidan, kada kuma a bar ta ta fita ko sau ɗaya, don za ta kama hanyar neman gida ta ɓata. Tafiya da ita kuwa sai in zaman zai yi tsawo a wuri ɗaya. In duk waɗannan sun gagara, a rage kwanakin tafiyar ko wani daga cikin mutanen gidan ya tsaya.

Bayan ka dawo

Ka shigo ka rufe ƙofa kafin ka fara sauke kaya. Wata za ta tarye ka da kuka, wata ta yi kamar ba ta san ka ba har zuwa dare, duk daidai ne, ka bari ta zo da kanta. Ka shafa ta ka ji ko ta rame, ka ɗan ɗaga fatar bayan wuyanta ka saki: in ta koma nan take da sauƙi, in ta tsaya a tattare akwai ƙarancin ruwa a jiki. In ka tarar ta yi fitsari a kan gado ko tabarma kada ka dake ta, ba ramuwa ba ce, ko akwatin ne ya ƙazantu ko mafitsara ke damunta. Ka sa ido a kan cinta da fitsarinta na kwana biyu, don wani ciwon sai bayan an dawo yake bayyana. Kayan da ka zo da su, musamman magunguna da igiyoyi, a kawar da su daga ƙasa tun a daren.

Sannan ka karɓi mabuɗanka, ka tambayi mai dubawar abin da ya ba shi wahala da inda ya riƙa samun ta, ka gyara takardar tun kana tune, ka ajiye ta tare da katin rigakafi.